Hoton Gona Yana Zama Shaida Ne Idan Bayanan Jikinsa Ba Su Zube Ba



A yanzu kusan duk abin da ya samu gona, kafin malamin gona ya taka ƙafarsa wurin, hoton abin ya riga ya shigo wayarsa. Ambaliya ta kwantar da shinkafa, a ɗauka a turo. Tsutsa ta shiga masara, a ɗauka a turo. Dabbobi sun yi ɓarna, a ɗauka a kai gaban mai unguwa. Masu ba da bashin noma da masu inshora da kamfanonin da ke ƙulla ciniki da ƙungiyoyi su ma sukan ce a aiko da hoto ko ɗan bidiyo. Gani ya kori ji, wannan haka yake. Sai dai wanda ke zaune a ofis bai san gonarka ba, kuma shinkafar da ruwa ya ci a Haɗeja da wadda ya ci a Argungu kamarsu ɗaya a hoto. Don haka tambaya uku zai yi: a ina aka ɗauka, yaushe aka ɗauka, kuma da wace waya? Amsar tana nan a jikin hoton, wayar ce ta rubuta da kanta. Matsalar ita ce yawancin mutane suna goge ta ba tare da sun sani ba, tun kafin hoton ya isa inda za shi.

Katin da ke maƙale a jikin hoto

Kun san ɗan katin nan da ake ɗinkewa a bakin buhun ingantaccen iri, mai ɗauke da sunan irin da lambar kashinsa da lokacin da aka gwada shi. To, kowane hoto da waya ta ɗauka yana da irin wannan katin, sai dai a cikin fayil ɗin yake, ba a ganinsa a fuskar hoton. Sunansa EXIF. Wata ƙungiyar masana'antun kayan lantarki ta Japan ce ta fito da tsarin a 1995, kuma yau kusan duk kyamara da waya suna bin sa.

Ga abin da akan samu a ciki:

- kamfanin da ya ƙera wayar da samfurinta;
- ranar da aka ɗauki hoton, da awa da minti har da daƙiƙa;
- lambobin wurin da aka tsaya, idan an ba kyamara izini;
- bayanin idon kyamarar da aka yi amfani da shi;
- yawan hasken da ya shiga da tsawon lokacin da ya ɗauka yana shiga;
- girman hoton, wani lokaci har da sunan manhajar da ta taɓa shi daga baya.

Duba shi ba wuya. A waya, buɗe hoton a ma'ajiyar hotuna, ka taɓa ɗigo ukun nan na kusurwa ka nemi inda aka rubuta "Details", ko alamar ƙaramin harafin i a cikin da'ira. A Google Photos, jan hoton sama kawai za ka yi. A kwamfuta mai Windows kuwa, danna hoton da maɓallin dama, ka shiga "Properties", sannan "Details". Ka gwada yanzu da hoton da ka ɗauka da kanka, sannan ka gwada da wanda aka turo maka ta WhatsApp. Bambancin da za ka gani shi ne gaba ɗayan darasinmu na yau.

Lambobin wuri

Waya tana gane inda take ta hanyar sauraron taurarin ɗan'adam na GPS. Wannan ba ya cin data, ba ya cin kuɗin kira, kuma yana aiki ko a dajin da babu sabis. Abin da yake buƙata shi ne sararin sama a buɗe da ɗan haƙuri. Inda babu intanet, waya kan ɗauki minti ɗaya ko fiye kafin ta kama wurin. Wanda ya zaro waya ya ɗauka nan take, hotonsa na iya fita babu wuri, ko ya fita da wurin da wayar ta sani na ƙarshe, wato gida ko kasuwa.

Abu biyu za a kunna: alamar wuri ta wayar gaba ɗaya, da kuma ta cikin saitin kyamara. Sunan na biyun ya bambanta tsakanin Tecno da Infinix da Itel da Samsung, amma duk za ka ga kalmar "Location" a ciki.

Lambobi biyu ne suke fitowa. Ta farko tana faɗin nisanka arewa da layin da ya raba duniya biyu, ta biyu kuma nisanka gabas. Zariya tana wajen 11.1 da 7.7, Kano wajen 12.0 da 8.5, Maraɗi wajen 13.5 da 7.1. Digiri ɗaya kusan kilomita 111 ne, shi ya sa lambobin bayan ɗigo suke da muhimmanci. Lamba ta huɗu bayan ɗigo tana nuna kusan mita 11, ta biyar kusan mita ɗaya. Sakataren da ya kwafe lamba biyu kawai bayan ɗigo don ya rage wahala, ya jefar da gonar a ko'ina cikin fili mai faɗin fiye da kilomita guda. Wanda kuma ya juya lambobin, ya sa ta biyu a farko, gonar Zariya za ta koma jihar Taraba. In kuwa ka ga sifili da sifili, wayar ba ta kama komai ba, domin wannan wurin a tsakiyar teku yake, kudu da Ghana.

A fili mai sarari, waya takan yi kuskuren kusan mita 5. Ƙarƙashin manyan itatuwa ko jikin gini kuskuren ya fi haka. Saboda haka ka shiga cikin gonar sosai kafin ka ɗauka, kada ka tsaya a kan iyaka hoton ya faɗa gonar maƙwabci.

Me ya haɗa manomi da idon kyamara?

Juya wayarka ka ga bayanta. Yawanci za ka ga ido biyu ko uku, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba. Akwai babban ido, wanda ya fi kowanne ƙarfi, shi ne na alamar 1x. Wasu wayoyin suna da mai faɗi, na alamar 0.5x ko 0.6x. Akwai kuma na ɗaukar abu kurkusa, wanda a wayoyi masu araha sau da yawa megafiksel 2 ne kacal. Tun 2010 aka ƙara wa tsarin EXIF gurbin rubuta sunan idon kyamara, kuma ko wayar ba ta cike shi ba, takan rubuta wata lamba mai "mm" a ƙarshe. Babban ido yakan nuna wajen 24 zuwa 28 a ma'aunin da ake kwatanta kyamarori da shi, mai faɗi kuma wajen 13 zuwa 16.

Ga inda abin ya shafe ku. Ido mai faɗi yana tura abu nesa, ya sa gona ta yi kamar ta fi girmanta, shuka kuma ta yi kamar ta yi ƙaranci. Idan ka ɗauki gona da babban ido a watan Yuli, ka ɗauke ta da mai faɗi a Agusta, wanda zai kwatanta hotunan biyu zai ga canjin da babu shi a ƙasa. Don haka ido ɗaya, wuri ɗaya, fuskantar gefe ɗaya, daga shuka har girbi. Kafa turke a inda kake tsayawa.

Na biyu, hoton ganye ko ƙwaro. Zuƙowa da yatsu biyu ba ta ƙara wa hoto komai a yawancin wayoyi, yanka shi kawai take yi ta buɗa shi. Gara ka matsa da ƙafarka, ka yi amfani da babban ido, ka taɓa ganyen a fuskar waya har ya fito tar.

Na uku, haske. A cikin bayanan za ka ga lamba kamar 1/500 ko 1/15, wato kashi nawa na daƙiƙa haske ya ɗauka yana shiga. Idan ka ga 1/15 tare da lambar ISO ta kai dubu ko fiye, an ɗauki hoton ne cikin duhu-duhu, kuma launinsa ba abin dogaro ba ne. Malamin gona da launi yake rarrabe rawayar ƙarancin taki da zanen cutar da ƙwari ke yaɗawa a ganyen masara. Hoton magariba na iya sa a ba ka shawarar sayen maganin da ba ka buƙata. Hantsi ya fi, ka juya wa rana baya.

Bidiyo ba kamar hoto ba ne

Nan ne mutane da yawa suke mamaki. Sun ɗauka tunda bidiyo ya fi hoto nuna abu, ai ya fi shi ɗaukar bayani. A'a. Fayil ɗin bidiyo, irin masu ƙarewa da MP4 ko MOV, ba shi da kati guda da kowa ya amince da shi kamar EXIF. Kowane kamfani da yadda yake rubuta nasa. iPhone takan sa sunan wayar da wuri da lokaci. Wayoyin Android da yawa sukan sa lokaci da wuri kawai, wasu ko sunan wayar babu. Bayanin idon kyamara da na haske kuwa, da wuya ka same su a bidiyon waya. Shi ya sa idan aka zuba hotuna da bidiyoyi a manhajar kwamfuta, sai a ga layin hotuna ya cika, na bidiyo kuma gurabe ne fayau. Manhajar ba ta lalace ba, abin ne ba a rubuta ba, ko an rubuta shi inda ba ta dubawa.

Wuri ma guda ɗaya tak bidiyo yake riƙewa. Ko ka zagaye kadada biyar kana ɗauka, lambobi biyu kawai za a samu, ba hanyar da ka bi ba.

Sai maganar agogo. Ƙa'idar irin waɗannan fayiloli ita ce a rubuta lokaci da agogon GMT, wanda kuka saba ji a rediyo. Agogon Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi yana gaba da shi da awa ɗaya, na Sudan da awa biyu, na Ghana kuwa daidai suke. Hoto shi kuma da agogon wayarka ake rubuta shi. Saboda haka hoto da bidiyon da ka ɗauka a minti ɗaya, wata manhajar za ta nuna hoton ƙarfe 7 na safe, bidiyon ƙarfe 6. Bidiyon ruwan da ya fasa gona ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare zai iya fitowa da kwanan watan jiya. Wanda bai san wannan ba sai ya ce an yi maguɗi. In kuma ka ga bidiyo ya nuna shekarar 1904 ko 1970, ba aikin aljanu ba ne, daga nan kwamfuta take fara ƙirga lokaci, kuma alama ce gurbin ya zo babu komai.

Maganin wannan a hannunku yake:

1. Kafin ka fara bidiyo, ɗauki hoto ɗaya daga inda kake tsaye. In ka gama, ɗauki wani. Su ne za su tsaya wa bidiyon shaida.
2. Da ka danna, faɗi da bakinka: ranar, sunan ƙauye, gonar wa ce, me aka shuka. Murya tana cikin bidiyon, ba ta zubewa ko an tura shi sau goma.
3. Nuna wani abu da ba ya tashi: kuka, rijiya, dutse, turken wuta.
4. In ƙungiya ta ɗauko mai babbar kyamara ranar baje kolin gonar gwaji, ku karɓi duk abin da ke cikin katin memorinsa. Wasu kyamarorin a wani ƙaramin fayil na gefe suke ajiye bayanan bidiyo.

Inda bayanan suke zubewa

Babbar ƙofar ɓarna ita ce turawa. Idan ka tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar takan matse shi don ya yi sauƙin tafiya, ta kuma cire katin. Wanda ya karɓa ya samu hoto tsirara. Haka wanda aka sauke daga Facebook. Haka wanda aka ɗauka daga fuskar waya, wato sikirinshot: sabon hoto ne, ranar da aka yi shi kawai ya sani. Manhajojin gyaran hoto da na yanka bidiyo su ma da yawa sukan zubar da bayanan.

Sunan fayil yana tona asiri. Na asali a wayoyi da yawa yakan zo kamar IMG_20240812_071530, wato 12 ga Agusta 2024, ƙarfe 7 da minti 15 da daƙiƙa 30. Wanda ya biyo ta WhatsApp kuwa za ka ga WA a sunansa, kamar IMG-20240815-WA0003, kuma ranar da ke jiki ta shigowarsa wayar ce, ba ta ɗaukarsa ba. Kada ku goge sunan asali, musamman na bidiyo, domin shi yake riƙe da lokacin agogonmu.

Hanyoyin da suke kai fayil yadda yake su ne igiyar caji zuwa kwamfuta, katin memori, Bluetooth, Xender, ko a WhatsApp ɗin ka taɓa alamar maƙala ka zaɓi "Document" maimakon ma'ajiyar hotuna. Zai fi cin data, amma ya fi a ce a sake komawa gona bayan ruwa ya janye. Ko da haka, sababbin wayoyin Android wani lokaci sukan ɓoye lambobin wuri daga manhajar da ba a ba izini ba. Don haka ku gwada da hoto ɗaya tukuna: a tura, wanda ya karɓa ya buɗe ya tabbatar ranar da wurin sun iso.

Aikin sakataren ƙungiya

Ƙungiya mai mambobi 50, kowa ya kawo hoto 20 a damina, hoto 1,000 ke nan. Ba a riƙe wannan a ka, kuma ba a barinsa a wayar mutum ɗaya da za ta iya faɗawa rijiya. In akwai kwamfuta, ko ta aro ce, manhajar digiKam kyauta ce, tana aiki ba tare da intanet ba wajen jerawa da nema. Za ta karanta katin kowane hoto, ta jera su bisa ranar ɗauka, ta ware na kowace waya, kuma da intanet za ta nuna su a taswira. Kana iya maƙala wa hoto sunan mamba da abin da aka shuka da matsalar da aka gani, ranar da aka nema ka fito da shi cikin minti ɗaya. Ga bidiyo, akan saita ta ta ajiye irin wannan rubutu a ƙaramin fayil na gefe mai ƙarewa da XMP. In za a kwashe bidiyon, a kwashe su tare.

Don leƙa cikin bidiyo akwai MediaInfo, ita ma kyauta. Wanda hannunsa ya faɗa a kwamfuta kuma ya nemi ExifTool, wadda Phil Harvey na Kanada ya fitar a 2003. Ita takan zaƙulo abin da sauran ba su gani ba. In babu kwamfuta, Google Photos za ta taimaka, amma ku sani gigabait 15 ɗin da ake bayarwa kyauta tare da Gmail ake raba shi, kuma bidiyo yana cinye shi da wuri.

Kowace hanya aka bi, a kiyaye abu huɗu. Folda ta shekara, cikinta ta kowane mamba. Na asali ba a taɓa shi, in za a yi gyara a yi a kan kwafi. A jera da ranar ɗauka, domin ranar da kwamfuta ke nunawa a gefen fayil takan canza da zarar an kwafe shi. Sannan a ajiye a wuri biyu, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filashi a wani gidan.

Wannan ba wahalar banza ba ce. A 2016 cibiyar binciken manufofin abinci ta IFPRI ta gwada inshorar da ta dogara da hoto tare da manoman alkama a jihohin Punjab da Haryana na Indiya: manomi yana ɗaukar gonarsa daga wuri ɗaya tun shuka har girbi, masana su duba hotunan su ƙiyasta asara. Tarayyar Turai kuma ta yi doka a 2023 cewa waken soya da koko da kofi da manja da roba da katako da shanu da za a shigar mata, sai an nuna lambobin gonar da suka fito, da lamba shida bayan ɗigo, gonar da ta wuce kadada 4 kuma a zana iyakarta gaba ɗaya. An ɗage fara aiki da dokar, amma kun ga inda kasuwa ta dosa. Ƙungiyar da ta saba da ajiye bayani ita za ta riga shiga.

Hattara biyu

Na farko, waɗannan bayanai ana iya canza su. Wanda ya iya kwamfuta zai sauya rana ko wuri, wayar da agogonta ya ɓace kuma za ta rubuta ƙarya da kanta. Saboda haka hoto yana ƙarfafa magana ne, ba ya maye gurbin takardar gona, ko shaidar mai unguwa da maƙwabta, ko zuwan jami'i. Ku bar agogon waya a kan saitin da yake daidaita kansa, kuma ku tambayi mai inshora ko mai ba da bashi tun farko irin shaidar da yake karɓa da wa'adin kai rahoto.

Na biyu ya fi nauyi. Lambobin da suke kai jami'i gonarka za su iya kai ɓarawo rumbunka. A halin tsaron da ake ciki, hoton garke ko na buhunan da aka jibge a gida, in ya fita da katinsa, taswira ce ka miƙa. Fayil na asali na sakatare ne da malamin gona da hukumar da kuka sani. Dillalin da kuka haɗu a intanet, tura masa ta hanyar da aka saba, wadda ke cire bayanan, ko ka kashe alamar wuri kafin ka ɗauka. Kwamfutar ƙungiya ma a sa mata lambar sirri, domin gonaki da gidajen mutane ne a ciki.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A taronku na gaba, kafin ruwa ya sauka, ku ware rabin awa: kowa ya fito da wayarsa, a daidaita agogo, a kunna alamar wuri, a fita waje a ɗauki hoto ɗaya da bidiyo ɗaya, a tura wa sakatare, ya buɗe a gaban kowa a ga abin da ya iso. Wayar da ta ƙi, a san da ita tun yanzu, a haɗa mai ita da maƙwabcin da tasa ke yi. Wanda ya maƙale a wani mataki, ya rubuto mana samfurin wayarsa, za mu duba tare.